Kalmomi Takwas Daga Bakin Teku

Ɗakin kakata shi ne na ƙarshe a gidanmu na Kusasu, jingine da dangar da ke fuskantar daji. Da damina, in an idar da magariba an ci tuwo, can muke taruwa mu uku, ni da ƙanwata Laraba da autanmu Tanko. Ba ta barin wutarta ta mutu. Kullum akwai guntun icen ƙirya yana ci a hankali tsakanin duwatsun murhu, a gefe kuma ga tulin ƙwarar kaɗanya da take busarwa don ta yi mai. Ruwa yana zuba a kan jinka, hayaƙi yana sa mu hawaye, amma ba mai yarda ya tafi ɗakin uwarmu sai an ɗauke shi.

Mutanen gari Ta-Dawo suke kiranta, domin an kama ta tana budurwa a hanyar itace, aka yi arewa da ita, bayan shekara goma sha ɗaya ta dawo da ƙafarta. Mu Iya muke ce mata, yadda babanmu yake cewa. Ni kuwa mijinta ne na wasa, kuma ba ta taɓa barina in shiga ɗakin lafiya ba.

"Ga maigidana nan, hannu wofi kamar kullum. Ko ɗan saƙar zuma babu."

"Tsohuwa, in kika dame ni zan sake ki."

"Sake ni mana, Audu. Wa za ta kwashe ka da wannan kai kamar goran da aka yar?"

Abu ɗaya matan unguwa suke riƙe da ita a kansa. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Sau da yawa ma wata ake ba riƙonsa. Kunya ce, kuma da ita ake gane macen da ta fito gidan mutunci. To Iya sai ta tsaya a tsakar gida ta ɗaga murya ta ce Jatau, alhali kowa ya san babanmu shi kaɗai ta haifa. Mata suka ce bauta ta cinye mata kunya. Tana ji, ta ci gaba da kiransa.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, na kura da na 'yan mata da na aljanun rafi, amma akwai guda da take komawa kanta duk bayan kwana biyu ko mun so ko ba mu so ba. Buɗewarta ma daban ce. Sai ta ce, "Ga wata ta taso daga nesa." Mu kuma mu ce, "Ta iso mu ba ta tabarma."

Wai wata zabuwa ce a dajin Kamuku ta faɗa tarko. Aka yi ta miƙa ta daga hannu zuwa hannu, aka ƙetare da ita ƙasar da ba itace ko ɗaya, har wani gari a bakin ruwan da ba a hango ɗaya gaɓar tasa. Can aka sa ta a gidan kaji. Ba mugayen kaji ba ne, in ji Iya, suna ba ta tsaba, ba sa tsattsagarta. Suna da rana ɗaya a mako da ba sa taɓa wuta, sai zabuwa ta hura musu. Nan Tanko yakan yi dariya har ya kwanta, wai kaza da wuta. Kwanci tashi zabuwa ta yi ƙwai guda ɗaya. Su zabi ba sa kwanciya a kan ƙwan fari ana kallo, don haka ta matsa gefe, babbar kazar gidan ta kwanta a kai har ya ƙyanƙyashe. Akwai kuma wani tsohon zakara, kowace safiya yana tara 'yan tsaki yana koya musu sunayen dangi da yaren addu'arsu.

In ta kawo nan sai ta jawo ƙwarar kaɗanya ta jera a ƙasa inda hasken wuta yake kaiwa. Manya biyu a sama, ƙanana a ƙasa. Ta ɗora yatsa a kan ta fari.

"Uba."

"Ab," mu ce.

"Uwa."

"Em."

Ɗa shi ne ben, 'ya kuwa bat. Ɗan'uwa ah, 'yar'uwa ahot, kuma waɗannan biyun daga can cikin maƙogwaro ake fito da su. Tanko in ya zo kansu sai ya yi kamar ƙayar kifi ta maƙale masa, Iya ta buga masa baya ta ce, "Tofar, kada ka mutu mini a ɗaki." Kawu da baffa duka dod ne. Ta takwas ɗin ba ta sa ta cikin jerin. Takan ajiye ta can bayan dutsen murhu, inda wuta ba ta haskawa sosai.

"Gwaggo."

"Doda."

"Sake."

"Doda. Iya, ai mu ba mu da gwaggo," in ji Laraba.

"Ba tambayarki na yi ba, mai bakin tsiya. Riƙe dai."

Ba ta barin mu da ƙwarar kaɗanya kawai. Sai ta nuna ni ta tambayi Laraba mene ne wannan a wurinki, ta nuna ɗakin uwarmu, ta nuna turakar Baba. Wanda ya ɓata ba ya samun gasasshiyar gujiya. Ta koya mana kuma yadda ake cewa nawa ne: abi, immi, beni, bitti, wato ubana, uwata, ɗana, 'yata. Ran nan na ce mata, "To kaka fa, yaya kaji suke cewa?" Ta daɗe tana tura icen cikin wuta. Sannan ta ce, "Ban koyi wannan ba. Ban zaci zan kai ba."

Ƙarshen tatsuniyar gajere ne. Wata rana aka buɗe wa zabuwa ƙofa aka ce ta tafi gida. Ta waiwaya ta kira 'yar tsakuwarta, 'yar tsakuwa ta ruga ƙarƙashin fiffiken kaza. Zabuwa ta komo daji ita kaɗai.

"Shi ke nan?" Tanko ya kan ce. "Ba wanda aka cinye?"

"Nan na sauke ta. Mai ƙarfi ya ɗauka ya kai gaba."

Mun ɗauka yaren kaji ne da gaske, har muka mai da shi waƙa. Ita ce ta jawo abin da ya faru. An yi suna a maƙwabta, Laraba tana tsalle a ƙofar gida tana rera ab, em, ben, bat, sai wani baƙo da ya je hajji ta Masar ya tsai da ita. A gaban dattawan da ke zaune ya tambaya 'yar wa ce wannan, kuma ina ta samo maganar Yahudawa. Bai yi da mugun nufi ba, mamaki ne ya kama shi. Amma kafin la'asar zancen ya kai kasuwa.

Da magariba muna zaune an jera ƙwarar kaɗanya, Baba ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Bai shigo ba.

"Iya, don Allah a bar wa yaran nan tatsuniyar kajin nan."

"Me ta yi maka?"

"Ni ne ke fita cikin mutane. Shekara nawa ina fama a manta da inda kika je, yau an sake tonowa."

"Jatau, 'yar'uwarka ce."

"Ban san ta ba, Iya. Abin da na sani shi ne sunan da ake kirana da shi in na juya baya."

Ta sa gefen hannu ta share jerin ya koma cikin tuli. Mu kuwa muka dubi juna, don ba mu taɓa jin Baba yana da 'yar'uwa ba. Daga ranar ta ci gaba da yi mana na kura da na aljanu, amma kamar mai biyan azumi, ba ta sauya murya, ba ta tsokanar kowa. Laraba da Tanko suka soma zama wurin uwarmu. Ni dai na ci gaba da zuwa, ban san me ya sa ba.

Da faɗuwar ruwa ta gaba, lokacin da kaɗanya ke zuba, ta ce in ɗauki kwando in raka ta bakin daji. Ina da shekara goma sha biyu. Mun tsinta har rana ta ɗaga, sannan ta zauna a kan saiwa ta miƙe ƙafa.

"Ba a tatsuniya da rana," in ji ta. "To wannan ba tatsuniya ba ce."

Garin da aka kai ta sunansa Tarabulus. Gidan na wani Bayahude ne mai cinikin fata da gashin jimina. A gida Larabci suke yi, amma suna da yaren addu'a da ake kira Ibrananci, shi ne mahaifin maigidan yake koya wa jikokinsa a bakin rijiya. Iya tana niƙa a gefe, ta haka ta haddace. Ta haifi 'ya mace da wani bawa mutumin Barno, wanda aka sayar kafin a haihu. Uwargidan ta lura duk sanda aka shigo Iya takan ajiye jaririyar ta kau da kai, sai ta riƙa ɗaukarta, ta sa mata suna, daga baya ta mai da ita ɗakinta.

"Daɗi na ji, Audu. Na ce Allah ya ba ni mai riƙo a ƙasar da ba ni da kowa. A wurinmu ko wa ya riƙe yaro, ai gari ya san uwarsa. Ban san su ba haka suke karanta abin ba."

Ta ce wata safiya tsohon ya tambayi yarinyar ina em, ta nuna uwargida. Sai ya juyo ya ce wa Iya da Larabci, ke ba 'yarki ba ce? Iya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da niƙa, yadda uwarta za ta yi, yadda kakarta za ta yi. Tsohon ya kaɗa kai.

"Na zaci yaba mini yake yi," in ji ta.

Da maigidan zai mutu ya 'yanta ta. Akwai ayarin da zai tashi zuwa Gadamas, daga can a gangaro ƙasar Hausa. Ta ɗaure ƙunshinta ta je ta ce a ba ta yarinyar. Uwargidan ta fashe da kuka ta ce, shekara bakwai ban taɓa jin sunanta a bakinki ba, ban taɓa ganin kin shafa kanta ba, da zazzaɓi ya kama ta ni na kwana a kanta, yau ne kika san taki ce? Iya ta ce ita ma ta kwana, a bayan ƙofa, amma wa ya gani. Tsohon ya raba gardama. Ya ce Iya ta kira yarinyar, in ta zo ta tafi da ita.

"Na buɗe baki. Sunan yana nan, ina jin sa a wuyana. Mutum ya fi goma a tsakar gidan, duk ni suke kallo. Abin da ya fito shi ne, ke, zo nan. Yadda nake ce mata kullum in zan aike ta. Ta dube ni kamar yadda ake duban mai aikin gida, ta ruga ta riƙe zanen matar tana cewa immi."

"Me ya sa ba ki zauna ba, Iya?"

"Zuciya. Na ce bari in tafi su gani. Sai da muka kwana uku cikin rairayi fushin ya sauka, ayari kuwa ba ya juyawa don mace ɗaya."

Ta ce da ta haifi Baba ta yi rantsuwa sunansa zai gaji da bakinta. Bai kasance na fari ba, don haka ba ta karya komai ba, amma ta gwammace a ce ba ta da kunya da ta tsaya tana yi wa matan unguwa bayani.

Sannan ta faɗi abin da ya sa ta kawo ni. Yarinyar ba ta jin Hausa, ni ba na jin Larabci, kalmomin nan takwas su ne kawai za mu haɗu a kansu. In na girma in bi fatake. In na same ta in nuna ta in ce doda, in nuna kudu in ce em. In kuma gaya mata uwarta ta ce bitti.

"Yaya sunanta?"

Ta duba hagu da dama, alhali daga mu sai itatuwa. Leɓenta ya motsa. Sai ta ce, "Ba yau ba, maigida. Ran da ka ɗaure kayanka zan raɗa maka a kunne."

Ta rasu da kaka ta biyu bayan wannan, muna cikin daji ni da Baba muna sauke amyar zuma. Da muka dawo an riga an rufe ta. Bayan kwana arba'in na tambayi Baba sunan. Ya ce bai taɓa tambaya ba.

Zan iya cewa mahara ne suka hana ni, don gaskiya akwai shekarun da muka bar Kusasu muka fake cikin ganuwar Birnin Gwari, ba mai fita ko gona sai da rakiya. Amma akwai kuma shekarun da hanya take a buɗe, fatake suna wucewa ta ƙofar gidana. Na yi aure, na haifi 'ya'ya, na gaji amyar Baba. Kowace shekara sai in ce baɗi. Da na farka na haura arba'in, gwiwata ba ta hamada ba ce. Sai na yi tunanin takarda tana zuwa inda mutum bai je ba.

Akwai wani malami a Randagi da nake kai wa zuma. Na roƙe shi ya koya mini rubutu. Ya dubi hannuna ya ce wannan ai gatari ya saba da shi, na ce a gwada. Alƙalami nawa na karya ban sani ba. Damina biyu da rani biyu ina zuwa da allona bayan la'asar, har ya ce yanzu in na rubuta wani zai iya karantawa. Da hannuna na rubuta kalmomin nan takwas da saƙon Iya a takarda. Ban ba kowa ya rubuta mini ba, don ban so zancen ya sake komawa kasuwa.

Na kai zuma da kakin zuma Kano, na nemi unguwar Larabawa, aka nuna mini wani dattijo mutumin Gadamas da ke aika kaya Tarabulus. Hausarsa tana fita sosai. Ya karɓi takardar ya karanta kalmomin a hankali, ya ce lalle Ibrananci ne, ya sha jin irinsu a bakin abokan cinikinsa.

"Wa za a ba?"

"Wata baƙar mace a unguwar Yahudawa. In tana da rai ta haura saba'in."

"Sunanta?"

"Ba ni da shi."

"Sunan maigidan da ta tashi a gidansa?"

"Shi ma. Amma gidan yana da rijiya da itacen ɓaure, kuma ana jin ƙarar teku daga kan soro."

Ya dube ni. "Ɗan'uwa, rabin unguwar haka take."

Duk da haka ya naɗe ta ya sa cikin jakar wasiƙunsa, ya ce Allah ya sa a dace. Mutumin kirki ne, bai yi mini dariya ba. Damina uku ke nan yanzu, ban ji komai ba, kuma na daina tambayar masu dawowa daga Kano.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta 'yar tsakuwa ce mai butulci. Da na yi ƙarfi na mai da laifin kan kaza. Yanzu ba na ganin laifin ko ɗaya. Uwargidan nan ta so yarinyar a fili, Iya ta so ta a ɓoye, yaro kuwa abin da ya gani shi ya sani. Abin da ke ci mini rai shi ne, in gwaggona tana raye, ta tsufa tana ganin uwarta ta tafi ba ta ko kira sunanta ba, kuma ba ƙarya ta gani ba. Na kuma gane daren nan na bakin murhu ba hira ba ce kawai. Ɗan aike take nema cikinmu, ta zaɓi ni, na zauna a kan saƙon shekara talatin. Shafa kai da gujiya da tsokanar da muka sha a ɗakin nan, rabon wata muka ci.

Abu ɗaya na yi ƙoƙarin gyarawa. 'Yata ta fari Hadiza, tun tana rarrafe nake kiran sunanta a gaban kowa, nake ɗora ta a kafaɗa zuwa gona. Uwarta ba ta iya ba, ban kuma tilasta ta ba. Abokaina suka ce gadon Ta-Dawo ne, na bar su. Bara bayan Hadiza ta tare a gidan mijinta a Randagi na je gaishe ta, na shiga da sallama na ce ina Hadiza, surukanta suna zaune. Da za ta raka ni, muna isa bakin zaure ta durƙusa.

"Baba, don girman Allah ka daina kiran sunana a gabansu. Cewa suke gidanmu ba kunya tun daga kakanni. Ni ce ke zama da su."

Na so in ba ta labarin nan a tsaye. Na dubi fuskarta na ga da gaske abin yana ƙona ta. Na ce to. Tun ranar "ke" nake ce mata, kuma tana amsawa da fara'a.